Kwana Shida a Gindin Kastanya

Da na ji ƙarar farko na ɗauka bindiga aka harba. Dare ya raba, ina kwance cikin gidan sauro a wata rumfar katako da aka ɗora kan dirkoki, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba. Sai na ji wani abu ya keto ganyaye daga can sama, fatar-fatar, ya zo ya daki ƙasa tim, har sai da katakon da nake kai ya amsa. Na zabura na zauna. Dattijon da ya sauke ni ko motsi bai yi ba, daga inda yake kwance ya ce, "Kwanta, ermano, koko ne ya faɗo." Kafin gari ya waye na ƙirga irin wannan ƙara sau bakwai.

Ermano a harshensu na Sifaniyanci ɗan'uwa ke nan, kuma da shi ya riƙa kirana har muka rabu. Ni kuwa na bi bakin samarin sansanin ina ce masa tiyo, wato kawu. Koko shi ne ɗan bishiyar da na taso takanas domin ta, bishiyar kastanya, wadda ake sayar da ƙwayarta a kasuwannin duniya da sunan gyaɗar Brazil. Ba gyaɗa ba ce, ba kuma Brazil kaɗai ke da ita ba, hasali ma Bolibiya ta fi kowace ƙasa fitar da ita waje. Ni a Peru na same ta, a jihar Madre de Dios da ke kudu maso gabashin ƙasar, inda iyakokin ƙasashen uku suka haɗu cikin kurmin Amazon.

Daga Kusko na taso, cikin watan Fabrairu, damina ta kankama. Garin yana mita 3,400 sama da teku, amma hanyar sai da ta ƙara hawa har ta wuce mita 4,700, a wani mashigin tsauni da sanyinsa ke ratsa ƙashi, sannan ta fara gangara. Lanƙwasa bayan lanƙwasa, hazo na rufe gilashi, ciyawar tsauni tana ba ƙananan bishiyoyi wuri, su kuma suna ba manya. Kafin mu kai Mazuko kowa ya tuɓe rigar sanyi, gumi ya fara tsattsafowa. Wannan titi a 2011 aka kammala shi don ya haɗa Brazil da gaɓar tekun Pasifik. Tafiyar da a da kan ci kwanaki a bayan babbar mota lokacin damina, yanzu awa goma ta ishe ta. Sai dai titi ba ya zaɓen mai binsa. Bayan Mazuko muka ratsa yankin da ake kira La Pampa, bukkokin leda shuɗiya jere a bakin hanya, ta bayansu kana hango farin rairayi da kududdufai masu kalar tsatsa a inda a da kurmi ne. Aikin masu haƙar zinare ne, waɗanda ke wanke ƙasa da zaiba, wato makuri, su bar dafin a ruwa. A 2019 gwamnati ta tura soja da 'yan sanda suka tarwatsa sansanonin, amma rairayin yana nan. Motarmu ta yi tsit har muka wuce.

A Puerto Maldonado, inda kogin Tambopata ke zuba cikin kogin Madre de Dios, 'yar dattijon ta tarbe ni. Tana karatun ilimin gandun daji a jami'a, tana jin Turanci, ita ce ta zama bakina da kunnena a duk zaman. Washegari muka haye doguwar gadar nan mai tsawon mita 722 muka yi arewa, hanyar da ke zuwa iyakar Brazil. A nan na fara ganin kastanya, kuma ganin bai yi mini daɗi ba.

Filayen kiwo ne dama da hagu, shanu farare masu tozo suna kiwo, a tsakiyar fili kuma ga wata doguwar bishiya ita kaɗai, miƙe sambal kamar an ja ta da zare, ba reshe ko ɗaya sai can ƙololuwa inda ta buɗe kamar laima. Can gaba ga wata. Can ga wata da ta bushe ƙayau, rassanta fari fat. Na tambayi yarinyar dalilin da ya sa aka share komai aka bar su. Ta ce doka ce. A Peru da Brazil da Bolibiya duk haramun ne a sare kastanya. To mai gona ba ya taɓa ta, sai ya sare duk abin da ke kewaye da ita, ya cinna wuta, ya shuka ciyawa. Bishiyar tana tsaye, doka ta cika. Amma wutar da ake sakewa duk rani tana gasa mata gindi, kofaton shanu yana daddaɓe ƙasar da saiwarta ke numfashi, iska da aradu sun same ta ba kariya, 'ya'yanta kuma su ragu. Ta ce a jihar Para ta Brazil, wajen garin Maraba, irin waɗannan matattun bishiyoyi sun yi yawan da har ake kiran wurin maƙabartar kastanya.

A ƙauyen Alegriya muka bar kwalta. Babur ya ɗauke mu cikin jan taɓo har inda ya gaza, sauran muka ƙarasa a ƙafa cikin dogayen takalman roba. La'asar sakaliya muka isa sansani: rumfar kwana, madafi, da wani rumbu na katako mai rufin kwano, ƙasansa a ɗage, gefensa a buɗe don iska ta ratsa. Payol suke ce masa, a nan ake baza ƙwaya ta sha iska. Dajin ba mallakar dattijon ba ne. Na gwamnati ne, ta ba shi izinin tsintar kastanya a wani yanki mai ɗaruruwan hekta na tsawon shekara 40, a ƙarƙashin dokar gandun daji ta shekarar 2000. Iyalai masu yawa a jihar da irin wannan izini suke rayuwa. Daga Janairu zuwa wajen Afrilu su kwashe gida su tare a daji, lokacin da suke kira safra.

Da safe, bayan daren nan na ƙararraki, tiyo ya miƙo mini hular kwano irin ta magina. Shi kansa bai sa ba, amma ya tsaya har sai da na ɗaure tawa. Ya kafa mini sharaɗi biyu. Idan iska ta taso ko hadari ya haɗu, a bar gindin bishiya nan take, ko da kwando ya kusa cika. Na biyu, ba a zama a ƙarƙashin laimarta, a tsinta a fice. Koko ɗaya yakan kai kilo 2, kuma daga tsayin mita 40 ko 50 yake tahowa, da gudun da ya kusa kilomita 80 a awa. Ya nuna mini wani da ya nutse cikin laka har rabinsa ya ɓace. Ya ce a rayuwarsa ya san mutum biyu da koko ya sama a ka, ɗaya bai tashi ba. Shi ya sa ba sa fara aiki sai mafi yawan 'ya'yan sun zubo.

Muka bi wata siririyar hanya da ake sharewa duk shekara, wadda ke zagayawa daga wannan bishiya zuwa waccan. Cikin kurmi duhu-duhu ne ko da rana tsaka, ƙasa lulluɓe da ruɓaɓɓun ganyaye, iska ba ta motsi, ƙamshin danshi ya cika hanci. Ba kurkusa bishiyoyin suke ba. Wani lokaci sai mu yi tafiyar minti goma ba mu ga ko ɗaya ba, wani wuri kuma mu tarar da biyar ko shida a cure. Kowace da lambarta a ɗan guntun ƙarfe da aka kafa a jikinta, amma tiyo ba ya duba lamba. Ya san wadda ke cika kwando duk shekara, da wadda ke yi bana ta huta baɗi, da wadda kokonta manya ne amma ƙwayarta kaɗan.

Ta farkon da na tsaya a gindinta, Allah mai iko. Mu huɗu muka riƙe hannu da ƙyar muka zagaye ta. Ɓawonta toka-toka ne mai dogayen tsaga daga sama zuwa ƙasa, ɗan yatsa yana shiga ciki. Wasu manyan bishiyoyin kurmi suna da fukafukan saiwa da ke tokare su kamar bango, ita babu, daga ƙasa kawai ta fito a mulmule ta miƙe. Na ɗaga kai har hular ta nemi zamewa, ban ga inda ta ƙare ba, domin ta huda rufin kurmin ta wuce, rassanta suna can sama da sauran bishiyoyi suna shan rana su kaɗai. Yarinyar ta ce irin wannan takan haura shekara 500. Na yi lissafi a zuciyata, wato mai yiwuwa tana nan tsaye tun kafin Sifaniyawa su ci daular Inka a shekarun 1530. Masana biyu, Humboldt Bajamushe da Bonpland Bafaranshe, su ne suka rubuta ta a littattafan kimiyya a farkon ƙarni na 19, suka sa mata suna Bertholletia excelsa don girmama abokinsu Berthollet, masanin haɗa sinadarai. Kalma ta biyun ma'anarta maɗaukakiya. Amma mutanen kurmi sun riga su saninta da nisa: a kogon Pedra Pintada da ke Brazil an tono ƙonannun ɓawonta a murhun mutanen da suka rayu shekara 11,000 da suka wuce.

Ba a tsintar koko da hannu. Akwai sanda da suke kira payana, an tsaga bakinta gida uku ko huɗu, sai a danna ta kan kokon ta cafke shi, a wurga shi ta kafaɗa cikin kwandon da ke goye a baya. Hikimar biyu ce: baya ba ya ciwo don sunkuyo, hannu kuma ba ya shiga cikin ganye inda maciji da kunama ke fakewa. Idan kwando ya cika sai a kai shi nesa da laimar a zube, har tsibi ya taru, sannan a zauna fasawa. Tiyo ya ɗora koko kan wani koko, ya riƙe da hagu, ya sara da adda sau uku yana juya shi, hular kansa ta fita. Ɓawon ya kai kaurin ɗan yatsa, kuma ya fi na kwakwa tauri nesa ba kusa ba. A ciki ga ƙwayoyi a jere sun zagaye kamar ɓangarorin lemo, kowace mai kusurwa uku, da nata ɓawon mai kaushi. Na ƙirga 17. Yawanci daga 10 zuwa 25 ake samu. Da ya juye su ya miƙo mini fankon, sai na ga sunan ya dace da kunnena, domin ƙoƙo ne sak, wanda za ka iya ɗiban ruwa da shi. Ya feƙe mini ƙwaya ɗaya da bakin adda. Ɗanyarta ba ta yi kama da busasshiyar da ake sayarwa a leda ba: fara ce sol, tana ƙaras-ƙaras, ruwan madara na fita, ɗanɗanonta kusa da na kwakwa.

A rana ta uku ne na fahimci abin da na gani a bakin titi. Muna zaune shiru muna hutawa, sai na ji wani sauti, ƙurus-ƙurus-ƙurus, kamar ana goga zarto a hankali. Tiyo ya ɗora yatsa a leɓe ya nuna da haɓa. Wata dabba ce kamar gafiya amma ta fi ta tsayin ƙafa, ba ta da jela sai ɗan guntu, gashinta ruwan ƙasa mai sheƙi. Ta zauna kan ƙafafun baya ta rungume koko tana gwaguya. Anyuhe suke ce mata, a littafi aguti. Kokon kastanya ba ya fashewa idan ya faɗo, ba ya kuma buɗewa da kansa. Akwai ɗan rami a kansa, amma ƙwaya ba ta fita ta nan. Da za a bar shi, 'ya'yan a ciki za su ruɓe ko su tsiro su shaƙe juna. Birai kan buga shi a dutse ko reshe idan ya tsufa, manyan aku kan yaga ɗanyensa tun yana sama, amma mai haƙorin da ke huda busasshen koko a kai a kai ita ce wannan 'yar dabba. Mun fi rabin awa muna kallonta. Da ta faɗaɗa ramin ta zaro ƙwaya ta ci, ta zaro wata ta kama a baki ta ruga, ta tona ƙasa a gindin wani kututture, ta binne, ta daddanna da ƙafa, har ta jawo ganye ta rufe. Ta dawo ta ɗauki wata ta yi wani gefen.

Ajiya take yi don lokacin da 'ya'yan itace za su yi ƙaranci. Mafi yawa za ta dawo ta tone. Amma wata za ta manta, wata kuma damisa ko mesa za ta riga ta, ajiyar ta zauna a ƙasa. Ƙwayar takan yi shekara guda ko shekara da rabi kafin ta tsiro. Ko ta tsiro ba ta tsira ba, domin a duhun kurmi ba ta girma, sai ta tsaya 'yar ƙarama tana cin guzurin da ke cikin ƙwayarta tana jira. Sai ranar da wata babbar bishiya ta faɗi ta yage rufin, rana ta sauko, sannan ta yunƙura. Tiyo ya ce anyuhe tana yi masa ɓarna, ba ya musu, amma ba ya barin a harbe ta a yankinsa. Ya ce, "Duk bishiyar da nake ci, ermano, ba ni na shuka ba, ba ubana ba. Ita ta shuka."

Saura labarin fure, wanda ban gani da idona a sama ba don lokacinsa ya kusa wucewa, sai 'yan kaɗan da suka zubo. Yarinyar ta tsinci ɗaya ta ɗora mini a tafi. Fari ne mai ratsin rawaya, girmansa bai wuce kan babban yatsa ba da yawa. Ta ce in buɗe tsakiyarsa. Akwai wani murfi da ya naɗe ya kife kan ruwan zaƙin, sai da na sa farce na ɗan yi ƙarfi ya ɗaga. Ƙudan zuma na yau da kullum ba ya iya ɗaga shi. Sai wasu manyan ƙudajen zuma na daji, masu kauri da dogon harshe, waɗanda ba sa zama a amya. Su ke cusa kai su ɗaga murfin, garin furen ya shafe musu baya, su kai shi wata bishiyar, domin kastanya ba ta cika ɗaukar ciki da garin kanta ba. Furen kuwa kwana ɗaya gare shi: ya buɗe da asuba, kafin yamma ya faɗo. Su waɗannan ƙudaje ba kastanya kaɗai ke riƙe su ba, don furenta na 'yan watanni ne. Sauran shekara wasu bishiyoyi da igiyoyin kurmi ke ciyar da su, a ruɓaɓɓen icce ko cikin ƙasa suke gida, mazan wasunsu kuma sai sun bi furannin okid, masu tsirowa a kan rassa, suna tara ƙamshin da suke jan mata da shi. Idan aka share kurmi aka bar kastanya, an kore mata masu yi mata aure, an kore mai shuka mata 'ya'ya. Wannan na cikin dalilan da suka sa gonakin kastanya da aka gwada ba su kai ko'ina ba, kuma har yau kusan duk ƙwayar da ake ci a duniya daga daji ake tsinto ta. Ban san wani abinci da ke yawo a manyan kasuwannin duniya da za a faɗi haka a kansa ba.

Ko fankon da anyuhe ta bari ba ya zama banza. Ruwan sama ya cika shi, sauro da mazari su yi ƙwai a ciki. A Para har akwai wani ɗan kwaɗo mai dafi da ke goyo talibambam ɗinsa a baya ya zuba su a irin wannan ƙoƙo, sunansa ma daga bishiyar aka samo shi.

Da dare a madafi aka nuna mini sauran amfaninta. Matar tiyo, wadda kowa ke ce wa senyora, ta goge ɗanyar ƙwaya a magogi, ta zuba ruwa ta matse a ƙyalle, madara fara ta fito, ta dafa kifi a ciki aka ci da rogo da ayaba. Wani yaro ya soka busasshiyar ƙwaya a tsinke ya kunna mata ashana, ta kama kamar kyandir ta yi ta ci na 'yan mintuna, domin kusan kashi biyu cikin uku na nauyinta mai ne. Man ana tatsarsa don girki da sabulu da man shafawa. Fankon koko ana tura shi a wuta, garwashinsa na daɗewa, hayaƙinsa na korar sauro, masu sassaƙa kuma suna yin kwanoni da kayan ado da shi. Zaren cikin ɓawon jikinta da shi mutanen da ke toshe kafar kwalekwale. Na miƙa hannu zan ƙara cin ƙwaya karo na ban san nawa ba, yarinyar ta ce in sassauta. Babu abincin da ya kai ta sinadarin seleniyam. Babban mutum maikirogiram 55 yake buƙata a yini, ƙwaya ɗaya kuwa takan ba da fiye da haka, kuma yawansa a jiki na zubar da gashi ya lalata farce.

Wahalar aikin ba a tsinta take ba, a ɗauka take. Ana cika buhun da suke kira barika, mai nauyin kilo 70 zuwa 80, a ɗaura masa maɗauri a rataya a goshi, mutum ya sunkuya ya bi taɓo da saiwoyi, wani lokaci fiye da awa guda kafin ya kai payol. Na ga wuyan wani saurayi yana rawa lokacin da ya sauke. Sannan a wanke, a tsince ruɓaɓɓu, a baza, a riƙa juyawa. Danshi shi ne abokin gaba, domin yana kawo funfuna mai haifar da gubar afalatoksin. Saboda wannan guba Tarayyar Turai ta ƙaƙaba tsauraran sharuɗɗa a 2003 kan kastanyar Brazil mai ɓawo, cinikin ya durƙushe, kuma tun daga nan masu saye suka tsananta kan tsafta da bushewa a duk yankin. Kuɗin shiga daji kuwa, na abinci da fetur da ladan ma'aikata, yawanci bashi ne daga mai saye, a biya da ƙwaya idan an fito. Abilito suke kiran wannan tsari. Wanda ya ci bashi ba ya jayayya a kan farashi. Tiyo ya tuna 2017, shekarar da bishiyoyi suka ƙi haihuwa bayan fari, farashi ya yi tashin gwauron zabo a duniya, amma shi payol ɗinsa ko rabi bai cika ba, bashin kuma bai ragu da ko sol ɗaya na kuɗin Peru ba.

Wani dare na tayar da maganar da ke damuna. Idan anyuhe ce ke shuka, ku kuma kuna kwashe kokon kafin ta samu, ina 'ya'yan za su fito? Yarinyar ta ce tambayar ba sabuwa ba ce. A 2003 wani masani ɗan Brazil, Carlos Peres, da abokan aikinsa sun duba dazuzzukan kastanya 23, suka ga inda aka daɗe ana kwasa sosai ƙananan bishiyoyi sun yi ƙaranci, tsofaffi ne suka rage. Wasu masanan daga baya sun ga akasin haka a wasu wurare, inda hanyoyin masu tsinta da tsofaffin saurukansu ke ba tsiro hasken da yake nema. Da ta fassara wa mahaifinta bai ce komai ba. Da safe ya ce in biyo shi. Muka bar hanya muka kutsa har inda wata bishiya ta faɗi shekarun baya, rana na zuba kamar an buɗe taga. A tsakiya ga wata 'yar kastanya da ta kai ni tsayi, ganyayenta dogaye masu sheƙi, sababbin ja-ja. An share kewayenta, an kafa mata sanda da jan ƙyalle don kada adda ta same ta. Ya ce yana da irinta goma sha ɗaya da yake dubawa, kuma duk bishiyar da ke can ƙurya ba ya kwashe ta tas. A hanyar dawowa ya tsaya ya sare wata igiyar kurmi mai kaurin cinya da ta nannaɗe wata babbar kastanya, domin idan ta kai sama takan danne rassa, haihuwa ta ragu. Wannan 'yar da ya nuna mini, ko jikansa da wuya ya ga cikar girmanta.

A nan na yanke wa kaina hukunci, kuma har yanzu ina kansa. Dokar da ta kare bishiya ta bar kurmi a hannun wuta ba ta kare komai ba. Abin da ke tsare wannan daji shi ne akwai mutanen da cikinsu ya dogara da tsayuwarsa. Haka Chico Mendes ya yi ta faɗa a jihar Akre ta Brazil, maƙwabciyar wannan wuri, lokacin da yake jagorantar masu tatsar roba da masu tsintar kastanya suna tsayawa gaban masu sare daji da jikinsu. An harbe shi a gidansa da ke Shapuri ranar 22 ga Disamba, 1988. A 1990 gwamnatin Brazil ta keɓe wani katafaren daji da sunansa, inda mazauna ke tatsa da tsinta ba tare da sarewa ba. Amma duk wannan ya rataya ne a kan ko sana'ar za ta riƙe mai ita. Ɗaya daga cikin 'ya'yan tiyo maza ba ya sansanin. Sai a rana ta biyar senyora ta gaya mini yana wajen haƙar zinare, inda abin da yake samu a wata ya fi na safra guda. Tana faɗa tana kallon wuta.

Da na koma Puerto Maldonado na leƙa wata masana'antar ɓarewa. An turara ƙwayar an busar, mata jere a dogayen tebura, kawunansu a rufe, kowace da ɗan injin hannu mai mariƙi. Ta sa ƙwaya, ta danna daidai ƙarfin da zai fasa ɓawo bai taɓa ciki ba, ta zare ta wurga a roba, hannun hagu ya riga ya ɗauko wata. Wadda ta fito ɗungurungum ta fi kuɗi, karyayyiya ta faɗi daraja, kuma da kilo ake biyansu. Daga nan sai Lima, sai tashar jiragen ruwa ta Kayawo, sai Amurka da Turai da Koriya ta Kudu.

Safiyar da zan bar sansani hadari ya yi sanyi, sama ta washe. Tiyo ya ari madubin hangen nesa na 'yarsa ya kai ni wani ɗan tudu inda ake ganin kan wata kastanya sarai. Ya ce in duba ƙarshen rassa. Da farko ganye kawai na gani, da aku biyu ja da shuɗi suna tsalle. Can sai na hango su, ƙananan ƙwallaye masu ruwan ƙasa, kowane bai kai lemon tsami ba. Furen da ƙudan ya shiga watanni biyu da suka wuce ke nan, kuma sai sun yi wata 14 ko 15 a sama kafin su faɗo. "Na baɗi ke nan," in ji shi. Ya karɓi madubin ya daɗe yana dubawa, leɓensa na motsi yana ƙirga, sannan ya ce da 'yarsa idan ta isa gari ta gaya wa mai saye cewa shi tiyo rabin bashin da ya saba karɓa zai karɓa.